Rigar Kamfani Ko Android Zalla: Wa Wayarka Take Yi Wa Aiki?

Duk wanda ya saba shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Computer Village da ke Ikeja, ya san tambayoyin da mai saye kan jero kafin ya sa hannu a aljihu. Giga nawa ce? Batirinta yana riƙe caji? Kyamararta tana fitar da mutum? Layi nawa take ɗauka? Dukkansu tambayoyi ne na hankali. Sai dai akwai guda ɗaya da da wuya ka ji an yi ta, alhali ita ce za ta yanke hukuncin irin zaman da mutum zai yi da wayar nan na shekara biyu ko uku masu zuwa: wace irin manhaja ce ke tafiyar da ita, wa ya ɗinka mata rigar da take sanye da ita, kuma me yake nema a wurinka bayan ka riga ka biya kuɗi ka tafi gida?

A wannan makon, mai karatu, a kan wannan tambaya nake so mu tsaya. Masu sha'awar na'ura sun daɗe suna gardama kan wanne ya fi tsakanin Android zalla, wato yadda ya fito daga hannun Google, da Android ɗin da kamfanonin waya suka yi wa kwaskwarima. A tsakaninsu gardamar takan tsaya ga kyan fuska da saurin buɗewa. A wurinmu kuwa, inda waya ɗaya ta zama banki da shago da makaranta da kundin sirrin iyali, lamarin ya kai ga kuɗi da mutunci.

Gangar jiki da riga

Bari mu fara da fayyace abin da ake magana a kai. Kowace wayar zamani tana da babbar manhaja wadda ita ce ke haɗa ƙarfe da mutum: ita ke kunna allo, ta karɓi kira, ta raba wa ƙananan manhajoji wuta da wurin zama. Mafi yawan wayoyin da ke hannunmu Android ne ke tafiyar da su. Wani ƙaramin kamfani ne ya fara shi a Amurka a 2003, Google ya saye shi a 2005, sannan wayar farko da ta fito da shi, ƙirar HTC, ta shiga kasuwa a 2008. Google ya bar tushen manhajar a buɗe, ma'ana duk kamfanin da ya ga dama yana iya ɗauka kyauta, ya rage, ya ƙara, ya sa a wayarsa. Wannan sakin mara shi ya sa Android ya mamaye duniya, kuma shi ne ya haifi abin da muke tattaunawa.

Da yake kowa na ɗiba daga rijiya ɗaya, kowane kamfani sai ya nemi abin da zai bambanta shi da maƙwabcinsa. Sai ya ɗauki gangar jikin Android ya ɗinka mata riga. Samsung ya daɗe da tasa mai suna TouchWiz kafin ya koma One UI. Xiaomi ya fara da MIUI a 2010, ya sauya zuwa HyperOS a 2023. Oppo yana da ColorOS. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, uban Tecno da Infinix da itel, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayar zamani a Afirka, ya sa wa Tecno HiOS, ya sa wa Infinix XOS. Saboda haka duk abin da kake gani idan ka buɗe wayarka, daga siffar gumakan manhajoji, zuwa tsarin saiti, zuwa yadda sanarwa ke saukowa, zuwa manhajojin da ka tarar a ciki ba ka sa su ba, ɗinkin kamfani ne. Android zalla kuwa, ko abin da ya fi kusa da shi, ana samunsa ne a wayoyin Pixel na Google, da wasu na Motorola, da wayoyin Nokia da kamfanin HMD ya riƙa fitarwa.

Na kira shi riga don a sami sauƙin fahimta, amma kada kalmar ta ruɗe mu. Wannan riga ce da aka ɗinke da fata, ba ta tuɓuwa sai a hannun gwani, kuma gwanin ma yana iya lalata wayar garin tuɓe ta. Mai saye na yau da kullum da ita zai zauna har wayar ta mutu.

Abin da rigar ta tsinana

Adalci ya sa a fara da alherinta, domin masu yabon Android zalla sukan yi magana kamar duk abin da kamfanoni suka ƙara shara ce. Tarihi bai goyi bayansu ba. Abubuwa da yawa da muke ɗauka a yau kamar tare aka halicce su da waya, a rigunan kamfanoni suka fara bayyana, Google ya zo daga baya ya ɗauka. Samsung ya ba mutane damar raba allo gida biyu su buɗe manhaja biyu a lokaci guda tun 2012, Android zalla bai kawo wannan ba sai a 2016. Naɗar bidiyon abin da ke kan allo sai a 2020 ya shigo, ɗaukar dogon hoton shafi kuma sai a 2021, alhali masu riƙe da wayoyin kamfanonin Asiya sun yi shekaru suna amfani da su.

Misalin da ya fi shafarmu shi ne na layi biyu. Ɗan Nijeriya ya san dalilin da ya sa yake yawo da layi fiye da ɗaya: wannan yana da sabis a gida, wancan a kasuwa, wannan kiransa da sauƙi, wancan datarsa da araha. Injiniyan da ke zaune a Kalifoniya, wanda kamfanin sadarwa ɗaya ya ishe shi, bai ga wannan buƙata ba. Android bai amince da layi biyu a hukumance ba sai a 2015. Kafin nan kamfanonin waya da masu ƙera ƙwaƙwalwarta irin su MediaTek ne suka yi aikin da kansu. Tecno, wanda ya mai da hankalinsa ga Afirka tun 2008, da wayoyi masu layi biyu ya kafa sunansa a kasuwanninmu. Kamfanin ya kuma yi aiki a kan manhajar kyamara domin ta riƙa fitar da baƙar fata yadda ya kamata, a lokacin da kyamarori da yawa kan mai da fuskar baƙin mutum duhu idan haske ya yi ƙaranci. Ya sa harsunan Afirka irin su Hausa da Suwahili da Amharik a wayoyinsa. Ya buɗe wuraren gyara na Carlcare a manyan garuruwa. Akwai kuma damar tagwaita manhaja, wadda ke ba ɗan kasuwa damar buɗe WhatsApp biyu a waya ɗaya, ɗaya na ciniki ɗaya na dangi, da yanayin tsananta tsimin batir da ke kai waya gobe a unguwar da wuta ta zama baƙuwa.

Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Sun nuna cewa wanda ya zo ya zauna da kai ya fi sanin inda ke yi maka ƙaiƙayi. Duk wanda ya ce a zubar da rigunan nan baki ɗaya, bai yi wa talakan Afirka adalci ba.

Inda gizo ke saƙar

To amma zuma ga zaƙi ga harbi. Tambayar da ya kamata mai hankali ya yi ita ce: kamfanin da ke sayar da waya a farashi mai rahusa, mai babban allo da babban batir da kyamara uku, a ina yake fanshe wahalarsa? Ribar ƙarfe a wayoyi masu araha siririya ce ƙwarai. Xiaomi ma ya fito fili a 2018 ya yi alkawarin cewa ribar da zai ci a kan na'urorinsa ba za ta wuce kashi 5 cikin ɗari ba, kuma bai ɓoye cewa wani babban kaso na ribarsa daga hidimomin intanet yake fitowa ba, ciki har da talla. Wannan tsari ya game yawancin masu wayoyin araha. Ana sayar maka da wayar kusan a kan kuɗinta, sannan a riƙa tatsar ragowar a hankali ta cikin rigar. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Hanyoyin tatsar sanannu ne. Ta farko ita ce manhajojin da ake cusawa tun daga masana'anta. Wasu na kamfanin ne da kansa ko na abokan hulɗarsa, wasu kuma masu su sun biya kuɗi ne domin a dasa su a wayarka: wasanni, kasuwar manhaja ta biyu, burauza ta biyu, mai share datti, mai kawo labarai. Da yawansu ba sa goguwa, iyakarka ka dakatar da su, wasu ko dakatarwar ba sa karɓa. Ta biyu ita ce talla, wadda kan ɓullo a allon kulle, ko a cikin sanarwa, ko a manhajar da mutum ke duba fayilolinsa, ko ta zo da sunan shawarar manhajojin da wai za ka so. Ta uku, wadda ba a gani, ita ce tattara bayanai: me kake buɗewa, yaushe, a ina, tsawon wane lokaci.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashi, kuma mai wayar ne ke biya. Wanda ya sayi waya mai giga 64 zai tarar babban kaso ya riga ya tafi kafin ya ɗauki hoto ko ɗaya. Tallar da ta sauko da datarsa ta sauko, a ƙasar da ɗalibi ke lissafin kowane mega kamar yadda uwar gida ke lissafin cefane. Manhajojin da ke motsi a ɓoye suna cin batir, suna kuma cika ƙwaƙwalwar aiki, shi ya sa wayar da ke tashi kamar tsuntsu ranar da aka saye ta take fara jan ƙafa bayan wata shida. A nan ya kamata a yi hattara da wata dabara ta talla, inda za ka ga an rubuta a kwali cewa ram ɗin wayar giga 8 ne da ƙarin 8. Wannan ƙarin aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma ma'ajiya ba ta kusa da saurin ram na gaskiya. Takwas ɗin farko ka saya.

Akwai kuma wani abin da ke ɗaure wa mutane kai. Domin batir ya daɗe, riguna da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage ba tare da sallama ba. Sakamakon haka sai saƙon WhatsApp ya ƙi shigowa sai an buɗe manhajar, ko sanarwar banki ta makara, ko manhajar da mutum ya dogara da ita ta tashe shi sallar asuba ta yi gum. Mai wayar sai ya zargi sabis ko manhajar, alhali rigar ce ta shaƙe ta. Abin lura shi ne, manhajojin da kamfani ya dasa da kansa ba kasafai wannan takobi ke hawa kansu ba.

Idan ɓarawon na cikin gida ne

Duk waɗannan ana iya cewa takura ce, a yi haƙuri da ita. Maganar tsaro ita ce ba ta karɓar haƙuri. Manhajar da aka dasa tun daga masana'anta tana da matsayi na ɗan gida. Tana iya samun izinin da manhajar da ka sauke da hannunka ba za ta samu ba sai ta tambaye ka, kuma ba lallai ne ta bi ta tantancewar da ake yi wa manhajojin Play Store ba. A 2019 wasu masu bincike ƙarƙashin cibiyar IMDEA ta ƙasar Sifen sun duba manhajojin da ke zuwa a cikin wayoyi fiye da 1,700 na kamfanoni sama da 200, suka tarar da yawansu na tattara bayanan mutane, kuma sau da yawa da wuya a gane ko wane ne ainihin mai su. A farkon 2020 ƙungiyar Privacy International tare da wasu ƙungiyoyi fiye da 50 suka rubuta wa shugaban Google, Sundar Pichai, buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman abu uku: a ba mutum damar goge duk manhajar da ba ya so, a riƙa tantance manhajojin masana'anta kamar sauran, kuma a samar da hanyar sabunta su. Hujjarsu ita ce masu sayen waya mai araha su ne suka fi cutuwa, kuma bai kamata sirri ya zama kayan masu kuɗi ba.

A cikin wannan shekarar ta 2020 aka ga misalin abin da ake tsoro. Wani sashen binciken tsaro mai suna Secure-D ya bayyana cewa an sami muguwar manhajar nan Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu. Aikinta shi ne ta riƙa ƙoƙarin yi wa mutum rajistar hidimomin biya ba da saninsa ba, kati da data suna zurarewa. Kamfanin Transsion ya ce wani dillali ne a cikin jerin masu kawo masa kayan aiki ya shigar da ita ba da saninsa ba, kuma ya fitar da gyara. Google da kansa ya riga ya bayyana a 2019 cewa Triada ta wannan hanya take shiga, wato ta hannun 'yan kwangilar da kamfanonin waya ke ba aikin ƙara wasu abubuwa a kan Android. Ban kawo wannan don in ware kamfani ɗaya ba, domin abin ya taɓa wasu ma. Darasin shi ne duk hannun da aka ƙara a cikin tukunya, an ƙara ƙofar da ƙazanta za ta iya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan sai batun sabuntawa, wanda a ganina shi ne ma'auni mafi girma. Babu manhajar da ba ta da ɓaraka, kuma kullum ana gano sababbi. A 2015 aka gano wata da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta sa ana iya kutsawa cikin ɗaruruwan miliyoyin wayoyi ta hanyar saƙon bidiyo kawai. Tun daga lokacin Google ya fara fitar da facin tsaro kowane wata. Sai dai facin ba ya zuwa wayarka kai tsaye. Yakan bi ta hannun mai ƙera ƙwaƙwalwar wayar, sannan ya je ga kamfanin wayar, wanda sai ya daidaita shi da rigarsa, ya gwada, kafin ya turo. Gwargwadon kaurin riga da yawan nau'in wayoyin da kamfani ke fitarwa a shekara, gwargwadon wahalar aikin da tsadarsa. Kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinka, kuma ya fi son ka sayi sabuwa baɗi, ba shi da wani babban dalilin wahalar da kansa. Google ya yi ƙoƙarin rage wannan jinkiri da sauye-sauyen da ya yi a 2017 da 2019, har wasu sassan Android suka koma ana sabunta su kai tsaye ta Play Store, amma ginshiƙin yana nan a hannun kamfani.

Abin da wannan ke nufi shi ne akwai mutane da yawa a cikinmu da ke tura kuɗi, suna ajiye lambar BVN da NIN da hotunan iyalinsu a wayar da rabonta da facin tsaro shekara biyu ko uku. Gida ne mai kyan fenti wanda ƙofarsa ta baya ba ta da sakata.

Shi ma zallan ba waliyyi ba ne

Mai karatu zai iya cewa, to ai magana ta ƙare, kowa ya nemi Android zalla. A'a, da sauran rina a kaba. Da farko, zallan da ake magana ba ya samuwa a kan kanta yadda ake zato. Tushen Android na buɗe ƙwarangwal ne, ba wanda zai ji daɗin amfani da shi haka nan. Abin da ke cikin Pixel shi ma riga ce, sai dai Google ne telan. Kuma duk kamfanin da ke son Play Store a wayarsa sai ya karɓi lasisi tare da ɗaurin manhajojin Google. A kan irin wannan ɗauri ne Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34 a 2018, bisa cewa yana amfani da Android wajen danne abokan gasa a fagen bincike da burauza. Google kamfanin talla ne kafin komai, bayanan mutane su ne jarinsa. Wanda ya gudu daga tallar kamfanin waya ya faɗa hannun Google, ya rage yawan masu leƙensa ne, bai rufe tagar ba. Abin da ya sami Huawei a 2019, lokacin da takunkumin gwamnatin Amurka ya raba sababbin wayoyinsa da manhajojin Google, ya nuna ko a hannun wa linzamin yake.

Na biyu, an taɓa gwada kawo mana zallan a farashin talaka. Google ya ƙaddamar da shirin Android One a Indiya a 2014, kuma a watan Agustan 2015 ya iso Nijeriya da wayar Infinix Hot 2, wadda aka sayar ƙasa da Naira 20,000, da alkawarin manhaja tsaftatacciya da sabuntawa a kan lokaci. Xiaomi ya shiga da Mi A1 a 2017, wayoyin Nokia ma suka rungumi shirin. Yau shirin ya dushe. Dalilin a bayyane yake ga mai lura: wayar da ba ta da rigar kamfani ba ta kawo wa kamfani kuɗin shiga bayan an sayar da ita, kuma ba ta bambanta shi da kowa. Mu ma masu saye ba mu nuna mun damu ba, mun bi girman allo da yawan kyamara. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Pixel kuwa Google ba ya sayar da ita a hukumance a Nijeriya, sai dai na hannu da 'yan kasuwa ke shigowa da su, ba garanti, kuma idan allonta ya fashe sai an sha yawo.

Na uku, riga ba ita ke hana sabuntawa ba idan kamfani ya sa kansa. A 2023 Google ya yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa ga Pixel 8. A farkon 2024 Samsung, mai riga mai kauri, ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24. Ashe dai abin niyya ce da kuɗi. Matsalar ita ce irin wannan dogon alkawari ya fi yawa a wayoyi masu tsada, yayin da wayar talaka kan sami abin da ya sawwaƙa.

Abin da ya rage mana

Ra'ayina shi ne gardamar riga ko zalla ta kauce wa inda ciwon yake. Abin dubawa shi ne ikon da aka bar wa mai waya a kan abin da ya saya da guminsa. Riga mai kyau ita ce wadda ta ƙara maka amfani, ta bar ka ka goge abin da ba ka so, ba ta mai da allonka allon talla ba, kuma mai ita ya ɗauki alkawarin kula da ita na shekaru sanannu. Wadda ta kasa waɗannan, ko da zinariya aka yi mata ado, ta mai da kai ɗan haya a gidan da ka biya kuɗinsa.

Saboda haka idan za ka sayi waya, ka ƙara tambaya uku a kan waɗanda ka saba. Ka nemi sanin shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin turo facin tsaro ga wannan nau'in, ka kuma duba a shafin kamfanin, kada ka tsaya ga bakin mai shago. Ka karɓi wayar gwaji ka shiga saiti, wurin bayanin waya, ka ga kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Idan ya haura shekara a wayar da ake ce maka sabuwa ce, ka san abin da ke jiranka. Sannan ka danne wata manhaja da ba ka sani ba ka ga ko tana goguwa. Wanda kuma ya riga ya saya, yana da abin yi: ya goge abin da ke goguwa, ya dakatar da wanda ya ƙi, ya kashe sanarwar manhajojin da ke kawo talla, ya bi izinin kowace manhaja ya janye na lambobin waya da saƙonni da wurin da yake daga duk wadda ba ta da hurumi, ya cire manhajojin da yake buƙata daga jerin waɗanda tsimin batir ke kashewa, kuma ya daina ɗage sabuntawa don tsoron data. Datar da za ta tafi ba ta kai abin da ke cikin asusunsa ba.

Amma ba daidai ba ne a jibga wa mai saye dukan nauyin. Dattijuwar da ɗanta ya saya wa waya don ta riƙa jin muryar jikokinta ba za ta bi saiti tana farautar izini ba. Nan ne aikin hukuma ya shigo. Tun daga 20 ga Yunin 2025, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa duk mai sayar da waya a can ya ci gaba da sabunta manhajarta na aƙalla shekara biyar bayan ya daina sayar da nau'in. Kamfanonin da ke bin wannan doka a can, da yawansu su ne ke sayar mana a nan. Muna da hukumar sadarwa ta NCC, wadda doka ta ce sai ta amince da nau'in waya kafin a sayar da ita a ƙasar nan. Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar da ke kula da ita. Babu abin da zai hana waɗannan su haɗa kai su ce duk wayar da za ta shigo sai an rubuta a kwalinta shekarar da sabuntawarta za ta ƙare, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewar magani, kuma duk manhajar da ba ta zama dole ga aikin wayar ba a bar mutum ya iya goge ta. Nijeriya ce ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka, kasuwarta ba abin da kamfani zai juya wa baya ba ne saboda layi biyu na rubutu a kan kwali.

Kamfanonin da suka kawo mana waya a farashin da za mu iya sun cancanci yabo, kuma ba na cikin masu raina abin da suka yi. Sai dai ciniki ya kamata ya zama a fili. Idan rahusar da aka yi mini za a fanshe ta ne da idona da datata da bayanaina, a faɗa mini tun a shago, in zaɓa da sanina. Mu kuma mu koyi yin tambayar, domin ranar da masu shago suka ga mutane na ajiye waya saboda ba ta da alkawarin sabuntawa, saƙon zai isa Shenzhen kafin kowace takardar hukuma.